FLARM ɗinmu ba ya gani da nisa: na'urar ce ta tsufa ko laifin eriya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a kudancin Jamus, kuma na shiga ƙungiyar masu tuƙa gilaida, wato jirgin sama marar inji. Ƙungiyarmu ta sayi wani jirgi na hannu mai kujera ɗaya, gangar jikinsa ta zaren kabon ce. Na'urar FLARM da ke ciki, wato mai gargaɗin karo da wasu jirage, ba ta nuna mini sauran jirage sai sun matso, waɗanda ke baya ko ƙasa da ni kuwa sau da yawa ba ta nuna su sam. Abokai ma sun ce ba na fitowa a allonsu sai mun yi kusa. Mai jirgin na da ya kwantar da eriyar a ƙarƙashin murfin allon na'urori don kada ta tare masa gani. Wasu sun ce mu haɗa kuɗi mu sayi PowerFLARM, sabon samfurin na'urar. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ku riƙe kuɗinku tukuna. Da bakinka ka faɗi ciwon: eriya a kwance, a ɓoye, cikin jiki na kabon. Ko na'urar da ta fi kowace tsada kuka ɗaura wa wannan eriyar, abin da za ku samu bai taka kara ya karya ba.

Bari mu fara da aikin da na'urar ke yi. A Suwizalan aka ƙirƙiro FLARM a 2004, bayan da karon gilaida da gilaida a sama ya addabi matuƙa a tsaunukan Alps. Kowace daƙiƙa na'urar tana karɓar matsayinta daga GPS, ta yi hasashen inda jirgin zai bi nan gaba kaɗan, ta watsa wannan ta rediyo. Na'urar da ke ɗaya jirgin ta ji, ta gwada da nata hasashen, in hanyoyin biyu za su haɗu sai ta yi ƙara. Gargaɗin farko yakan zo ne kimanin daƙiƙa 18 kafin lokacin da ta ƙiyasta za a yi karo. Lissafinta ya san halin gilaida, shi ya sa ba ta damun matuƙa da ihu idan jirage da dama suna zagaye tare cikin iska mai ɗumi da ke ɗaga su sama.

Yanzu ɗauki alƙalami. Jirage biyu sun fuskanci juna, kowanne yana gudun kilomita 150 a awa. Tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da kilomita 300 a awa, wato mita 83 kowace daƙiƙa. A daƙiƙa 18 an cinye kilomita ɗaya da rabi. In a gefen tsauni ne kowa na gudun 200, kilomita biyu ne. Ke nan a wannan gudun, idan na'urarka ba ta jin abokin tafiya sai ya shigo kilomita ɗaya, rabin lokacin da aka tanadar maka ya tafi kafin ta buɗe baki. Tsohon FLARM da aka girka da kyau yakan ji daga kilomita 3 zuwa 5, PowerFLARM kuwa yakan wuce 10. Amma kada babban adadi ya ruɗe ka. Jirgin da ke jin kilomita 12 ta gaba, ya kasa jin mita 600 ta baya da ƙasa, yana da rami, kuma daidai wurin da idonka ma ba ya kaiwa.

Me ya sa eriya ke da wannan nauyi? Domin muryar na'urar ƙarama ce ƙwarai. A Turai tana magana a kan megahaz 868, zangon da doka ba ta yarda a wuce miliwat 25 ba, tsofaffin na'urorin ma miliwat 10 suke fitarwa. Wayar salula kan kai wat 2. Ba ka da ikon ƙara mata ƙarfi, iyakarka ka hana ɗan abin da ke akwai zubewa. Ƙa'idar kuwa ita ce duk asarar desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sigina ne) tana raba nisan gida biyu.

Eriyar FLARM a tsaye ake kafa ta, kan nan babu jayayya. Yadda take watsa sigina ya yi kama da fitilar ƙwai: haske ya bazu a gefe ko'ina, gindinta kuwa duhu. In ka kwantar da ita, duhun ya koma kallon gaba da baya ko dama da hagu, inda jirage suke. Ga kuma asara ta biyu. Eriyoyin sauran jirage a tsaye suke, kuma eriya a kwance ba ta jituwa da ta tsaye. A aikace asarar kan kai desibel 20, wato nisan ya koma kashi ɗaya cikin goma. Ko da ka kafa ta daidai, idan ka karkata jirgi digiri 45 kana zagaye, rabin ƙarfin kan tafi. Wannan ba makawa, shi ya sa ake son a bar rara tun a ƙasa.

Sai kabon. Zaren gilashi, irin wanda aka gina gilaidodin ASK 21 da LS4 da shi, yana barin sigina ya ratsa. Kabon kuwa yana ɗaukar lantarki, don haka yana tare sigina kusan kamar ƙarfe. Eriyar da ke cikin gangar kabon ba ta da taga sai murfin mazaunin matuƙi. Kai kanka shinge ne: jikin mutum ruwa ne mafi yawansa, yana shanye sigina, ga batir da bayan na'urori da sandunan ƙarfe. Wannan ne dalilin da ya sa na baya da na ƙasa suke ɓace maka. Abokanka ma ba sa ganinka saboda eriya ɗaya ce ke ji kuma take magana. Abin da ya toshe mata kunne shi ya toshe mata baki.

Ga yadda zan bi da shi in ni ne. Kafin a taɓa komai, a auna. Na'urar tana ajiye bayanin jiragen da ta ji a cikin fayil ɗin IGC, wato kundin tafiyar jirgi, na kowane tashi. A shafin kamfanin FLARM akwai manhajar da za ka ɗora fayilolin, ta zana maka nisan jinka ta kowace fuska. Ka zaɓi ranakun da sama ta cika da jirage, domin tashin da ka haɗu da jirgi biyu kacal ba ya nuna komai. Tashoshin ƙasa na Open Glider Network, masu sauraron siginar FLARM, waɗanda suka yawaita a Jamus, za su nuna maka ɗaya ɓangaren, wato yadda ake jin ka. Ka adana hoton farko don gwadawa bayan gyara.

Daga nan a fito da eriyar saman murfin allon, a tsayar da ita can sama gwargwadon iko, ba tare da ta taɓa murfin mazaunin matuƙi ba. Tsawon igiyar siginar santimita 34 da rabi ne, saboda haka eriya mai hannu biyu tsawonta kimanin santimita 17 ne, mai sanda ɗaya kuwa kusan 8 da rabi. Ƙorafin cewa tana tare gani, a ganina, bai kai a sayar da nisa saboda shi ba. Bayan tashi kaɗan ido ya daina lura da ita. Sai dai a kula: mai sanda ɗaya rabin eriya ce, tana buƙatar farantin ƙarfe a gindinta ya cika mata ɗaya rabin. Na sha ganin an dasa ta a kan roba tsirara ana mamakin rashin aikinta. Mai hannu biyu ba ta buƙatar faranti, amma wayarta ta fita a kwance daga tsakiya, kada a manne ta a jikin hannun ƙasa.

A bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakaninta da eriyar GPS, ita kuma GPS a ba ta sararin sama ba kabon ko ƙarfe a kanta. Eriyar transfonda, na'urar da ke amsa wa rada, a nisanta ta sosai, don tana harba sama da wat 100 a kan megahaz 1090. Cajar waya mai araha da ake sokawa a jirgi ma takan yi hayaniyar da ke kurmantar da na'urar. Cire ta ka sake aunawa, gwaji ne na kyauta.

Waya da mahaɗi su ne inda ake yin asara a ɓoye. Siririyar wayar RG174 tana cinye kusan desibel ɗaya a kowace mita a wannan zango, mita uku rabin ƙarfi ya tafi. Wanda zai kai eriya can wutsiya dole ya sa waya mai kauri marar asara. Akwai kuma tarkon mahaɗin wayar eriya nau'in SMA da ɗan'uwansa RP-SMA: sukan ɗauru da juna tsaf alhali babu allurar da ta haɗa su a tsakiya. Tunda jirgin na hannu ne, kwance mahaɗin ka leƙa ciki da idonka.

Bayan duk wannan, ramin ƙasa da baya zai ragu amma da wuya ya rufe, domin kabon na nan. A nan ne maganar PowerFLARM ke da hujja: yana da mashigar eriya ta biyu, sai a sa ɗaya a sama, ɗaya a waje ƙarƙashin ciki, kowace ta rufe inda 'yar'uwarta ba ta gani. Kunnensa ya fi kaifi, kuma nau'o'insa da dama suna jin jirage masu ADS-B (tsarin da jirgi ke watsa matsayinsa da shi) da transfonda. Ku duba littafin nau'in da za ku saya, don a wasu mashigar ta biyu ji kawai take yi, ko sai an sayi lasisi. Kada wani ya ba ku shawarar raba mashiga ɗaya ga eriya biyu da marabin waya. Ƙarfin ya rabu, siginonin biyu kuma su riƙa kashe juna ta wasu fuskoki, ku sayi sababbin ramuka da kuɗinku.

Huda gangar jirgi ba aikin ɗalibi ba ne shi kaɗai. A ƙasashen da ke ƙarƙashin EASA, hukumar kiyaye lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai, girka FLARM da eriya yana cikin ƙananan sauye-sauyen da kundin CS-STAN ya tsara, kuma sai mai izinin duba jirgi ya sa hannu. Ka tambayi kamfanin da ya ƙera jirgin ko akwai wurin da ya amince a huda, ko wani sashe na hanci ko wutsiya da aka yi da zaren gilashi don eriya. In kuma za a manna wani abu a murfin mazaunin matuƙi, a tabbatar wayar za ta cire da kanta idan aka jefar da murfin don fita da laima. Shugaban wurin gyaran jirage na ƙungiyarku zai duba wannan kafin komai, gara ka riga shi.