M ɗin wuyan riga ba awo ba ne

Ka tambaye ni game da Alhajin nan da ya aiko da shadda yadi biyar daga Abuja, muka nemi awonsa, sai ya rubuto a WhatsApp cewa shi midiyam yake sawa. Kana so ka ji ko za mu iya yanka masa kaftani a haka. Ajiye almakashin tukuna, yarona.

Midiyam a bakin Turawa shi ne matsakaici, abin da ya faɗa tsakanin ƙarami da babba. Shi ne M ɗin da kake gani a wuyan riga, S na ƙasa da shi, L na sama da shi. Ba ga tufafi kaɗai suke faɗarsa ba, har mutumin da ba dogo ba kuma ba gajere ba, har wutar girki da ba ta yi ƙarfi ba. Amma babu inci ko ɗaya a cikin kalmar. Tsakiyar me? Sai ka san ƙaramin, ka san babban, sannan ka san inda tsakiyar take, kuma kowane kamfani da nasa.

A yawancin kayan Ingila da Amurka, M na maza ƙirji ne inci 38 zuwa 40, wuyan shat kuma 15 ko 15 da rabi. Na Jamus lamba suke sawa, 48 ko 50, wato rabin zagayen ƙirji a santimita. Waɗanda aka ɗinka a China don mutanen can sukan fi ƙanƙanta, M ɗinsu sau da yawa S ne a wajen Ba'amurke. In ka je Ƙofar Wambai ranar da aka fasa dilar gwanjo, zaro riga uku masu M ka shimfiɗa su a kan juna. Wata za ta leƙo ta kafaɗa, wata ta gindi.

Ga kuma inda yara irinku suke faɗawa. Lambar nan ta jikin mutum ce, ba ta rigar ba. Shat ɗin da aka yi wa mai ƙirji 40, in ka kwantar da ita a tebur ka ja tef daga hammata zuwa hammata, za ka samu wajen inci 22, ka ninka ya zama 44. Wannan rarar ita ce ke ba shi damar ɗaga hannu da yin sujada. Kaftani ya fi haka son sarari, ga shi shadda ba ta talewa irin singileti, in ta matse ta matse ke nan. Sannan M bai gaya maka tsawon rigar ba, bai gaya maka hannu ba, balle ƙugun wando. Tumbi kuwa, Alhazanmu ba sa son a ambace shi, amma tef ba ya jin kunyar kowa.

Kada ka ɗauka kalmar ba ta da rana. In muka karɓi yunifom ɗin makaranta ko kayan da za a kai kasuwa, da ita muke aiki: mu yanka kwali uku, ƙarami, matsakaici da babba, mu fi yawaita na tsakiyar don shi yake fara ƙarewa. Can mu muka tsayar da ƙaramin da babban, shi ya sa midiyam ɗinmu yake da ma'ana.

Yanzu ɗauki waya ka kira shi, ka gaishe shi da kyau. Ka ce ya samo kaftanin da ya fi jin daɗinsa, a shimfiɗa shi, a auna kafaɗa, hammata zuwa hammata, hannu, wuya da tsawo, sai ƙugu da tsawon wando. Ka tambaya da wace fuskar tef aka auna, don inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma mutane suna juya tef ba su sani ba. Ka rubuta a littafin awo da sunansa. Kafin ya turo, mayar da shaddar leda ka ƙarasa min maɓallan wancan yadin.