Jan zane a hotunan fim: laifin kyamara ne ko na mai wanki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji kyamara Pentax K1000 daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na sa mata fim ɗin Kodak Gold 200, na aika aka wanke, aka turo min hotunan ta waya. Da yawansu akwai wani jan zane kamar harshen wuta a gefe, wasu kuma rabin hoton baƙi ƙirin ne. Mai wankin ya ce kyamarar ce ta lalace. In haƙura da ita in nemi wata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Kada ka rabu da ita, ƙanena. An ƙera K1000 daga 1976 har zuwa 1997, kuma komai nata na inji ne, batirinta ma'aunin haske kaɗai yake yi wa aiki. Irin wannan kyamara gyaruwa take yi.

Kafin komai, karɓo nagetif ɗinka, wato fim ɗin kansa da aka wanke. Yana ba ni takaici yadda matasa ke barin shi wajen mai wanki, alhali shi ne shaidar da za ta raba gardama. Ka ɗaga shi saitin taga ka dubi bakinsa, inda ramukan nan suke jere. Za ka ga sunan fim da lambobin hotuna. Tun daga kamfani aka haska su, wanki ne kawai ke fito da su. In sun fito raɗau, sinadarin mai wanki ya yi aikinsa. In fim ya fito fayau, babu hoto babu lamba, to shi ya ɓata maka, domin wankin fim mai launi, wanda ake kira C-41, yana son sinadari mai rai da zafin da ya tsaya kan digiri 37.8.

Sai zanen. A nagetif duhu zai bayyana. In ya tsallake iyakar hoton ya hau kan ramukan, haske ne ya sato ta ƙofar baya. Launin ma ya nuna haka: hasken da ya biyo ta baya yana ratsa gindin fim, ya fara cin karo da shimfiɗar fim da ke kama jan haske, shi ya sa yake fita ja. Wanda ya shigo ta gaba fari-fari yake fita.

Buɗe ƙofar babu fim, ka shafa yatsa a gefen maƙalarta da cikin siraran kwaruruwan da take zama. Baƙin soso ne aka liƙa a wurin don tare haske. Bayan shekaru masu yawa, ga zafin ƙasarmu, narkewa yake ya zama danƙo mai kama hannu. Na wajen maƙalar ya fi jawo ɓarna, don kusa da nan fim ɗin da aka riga aka ɗauka yake naɗuwa. Ka lura, hoton da ya daɗe yana jira kafin ka ɗauki na gaba shi ya fi shan zane.

Gyaran na gida ne. Ka kankare danƙon da tsinken sakace da auduga mai ɗan sifirit, a hankali, kada ko ɗigo ya taɓa labulen shota, wanda ke buɗewa ya bar haske ya faɗa kan fim, ƙyalle ne mai laushi. Ka cusa baƙin zaren ulu a kwaruruwan, ka liƙa sabon soso mai kaurin milimita 1 zuwa 2 a maƙalar. In kana son tabbaci tukuna, sa fim, ka rufe duk bakin ƙofar da baƙin salatif na masu gyaran lantarki, ka ƙare shi a haka. In zane ya ɓace, ka kama ɓarawon.

Rabin hoto mai baƙi kuwa wata magana ce dabam. Da filasha ka ɗauke su? K1000 ba ta jituwa da filasha in saurin shota ya wuce 1/60 na daƙiƙa, domin labule biyu ne da ita, na farko ya buɗe, na biyu ya bi shi ya rufe. Ka wuce nan, labule na biyu ya riga ya fara rufe fim lokacin da wutar ta haska. In da rana ne, kan 1/500 ko 1/1000, to man cikin injin ya daskare, labule na biyu yana cim ma na farko kafin su ƙetare. Wannan sai ƙwararren makanikin kyamara, kada ka ɗiga mata mai da kanka. Kafin ka same shi, tsaya kan 1/250 ko abin da bai kai shi sauri ba, galibi ba ta yin haka a nan.

Fim ɗin ma yana son kula. Zafi na dusashe launinsa, don haka ajiye shi a firji cikin robarsa, in ka fito da shi ka bar shi kamar awa biyu kafin ka buɗe, saboda raɓa. Lokacin hunturu kuma ka riƙa naɗe shi sannu a hankali, busasshiyar iska kan haifar da tartsatsin da ke barin zane mai rassa a jikinsa. Fim na gaba kada ya zama na biki ko suna. Gwada ta a tsakar gida tukuna, kana rubuta saurin da ka ɗauki kowane hoto da shi, sai ka kwatanta da nagetif in ya dawo.