Tambayi Likita: Anya ba magani ne ke rikita Baba ba?

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah mahaifina ne shekarunsa 74, kullum da daddare sai ya sha Piriton wai shi ke sa shi barci, ga amitriptyline da aka rubuta masa saboda zugin ƙafa. Yanzu bakinsa kullum a bushe, sai ya kwana uku bai yi bayan gida ba, fitsari ɗis-ɗis, jiya ma sunan ƙanwarsa da ta rasu ya kira ni da shi. A gida wasu sun ce tsufa ne wasu sun ce iska. Daga wata baiwar Allah, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ni kam magungunan nan na fara zargi kafin iska. Akwai wani sinadari a jiki, asitilkolin, shi ke ba gland, wato sassan jiki masu fitar da ruwa, umarni su zubo da yawu da zufa, ya sa hanji motsi, ya matse mafitsara, kuma ƙwaƙwalwa na aiki da shi wajen tuna abu. To Piriton da amitriptyline duk suna toshe masa hanya, likitoci na ce musu antikolinajik, haka Buscopan na ciwon ciki da Exol ɗin nan da samari ke afawa, kai har zaƙami ma danginsu ne, shi ya sa wanda ya sha shi ƙwayar idonsa ke buɗewa yana sambatu.

Kowanne shi kaɗai ƙila ba wani abu ba, amma kin haɗa biyu a jikin dattijo, in kuma yana da kumburin furosteti, wato wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar namiji, ai fitsari na iya tsayawa cak. Ga zafin nan namu na bazara, jiki ba ya zufa sosai, zuciya na bugawa da sauri, ido na gani dishi-dishi. A wani bincike da aka wallafa a 2015, masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka sun bi tsofaffi sama da 3,000, suka ga waɗanda suka daɗe suna shan irinsu sun fi kamuwa da ciwon mantuwa.

Abin yi, tattara duk abin da yake sha har na kemis da na gargajiya ki zuba a leda ku kai wa likitansa yau ko gobe, saboda rikicewar nan. Piriton a ajiye shi, amma amitriptyline kar ku yanke da kanku, a hankali ake rage shi. In fitsarin ya tsaya gaba ɗaya mara ta kumbura, ko tsakar dare ne ku nufi asibiti.