Jim Reeves fasto ne ko mawaƙi?

Ɗan'uwa, ka ce babanka ba ya rabuwa da kaset ɗin Jim Reeves, kana tambaya ko fasto ne. A'a, mawaƙin country ne, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin Amurka. An haife shi a Texas a 1923. Da fari ƙwallon baseball ya sa a gaba, rauni a ƙafa ya raba shi da ita, sai ya koma mai gabatar da shiri a gidan rediyo. Daga nan waƙa ta karɓe shi.

Muryar ce sirrinsa. Mawaƙan lokacin ɗaga murya suke yi, shi kuwa sai ya matso dab da makirfo ya sassauta, kamar yana yi maka raɗa. Haka ya rera "He'll Have to Go" a 1959. Waƙoƙin coci da babanka ke ji, wataƙila na faifan "We Thank Thee" ne na 1962, kuma a ganina nan muryar ta fi zama daram.

Ya rasu ranar 31 ga Yuli, 1964, a hatsarin ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa da kansa, kusa da birnin Nashville. Matarsa Mary ta ci gaba da fitar da waƙoƙin da ya bari, har waƙar "Distant Drums" ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a 1966.