Amsa ga maman yaron da sanƙarau ya taɓa wa ji

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki: yaronki ɗan shekara uku ya yi sanƙarau wata biyu da suka wuce, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma tun da kuka dawo gida ko an kira shi ba ya waiwayowa, kuma wani mai kemis ya ce ki sayi na'urar ji ki maƙala masa, ki jira wata shida ki gani. Sannu, Allah ya ƙara masa lafiya. 'Yata ma sanƙarau ne ya tafi da jinta tana ƙarama, yanzu tana da dashe, wato na'urar ji da likita ke dasawa cikin kunne ta hanyar tiyata, don haka ki yi haƙuri da tsawon rubutuna.

Don Allah kada ki jira wata shidan nan. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan wuri naɗaɗɗe mai siffar katantanwa, cike da ruwa, shi ke mayar da ƙara ta zama saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Idan ƙwayar sanƙarau ta shiga wurin, ban da kashe ƙananan gasun da ke ɗaukar sauti, takan bar kumburi, kumburin ya zama tabo, tabon ya rikiɗe ya zama ƙashi. A wasu yaran cikin makonni kaɗan abin ke farawa. Ita kuwa wayar dashe ta cikin ramin nan ake zura ta. In ƙashi ya toshe shi, aikin ya yi wuya, wani lokaci rabin wayar ce kawai za ta shiga, wani lokaci ma ba hanya. Kurumtar da aka haifi yaro da ita ma ba ta son jinkiri, amma ta sanƙarau ta fi kowace gaggawa.

Na'urar da mai kemis yake nufi ƙara sauti kawai take yi. Tana amfanar wanda jinsa ya ragu amma da saura, shi ma sai an gwada kunnensa an saita masa ita daidai da abin da ya rasa. Wanda katantanwarsa ta mutu, ko lasifikar masallacin Juma'a aka kafa masa a kunne ba zai rarrabe magana ba. Kowace irin matsala da nata maganin. Mai kunnen da ke zubar da mugunya kullum, ko wanda aka haifa ramin kunnensa a toshe, akwai na'urar da ke tura sauti ta ƙashin kai, yara ana ɗaura musu ita da ɗan madauri. Mai kunne ɗaya matacce ɗaya lafiyayye akwai wadda ke ɗauko sauti daga ɓangaren da ya mutu ta kai wa mai lafiyar. Ba mai iya cewa ga wadda ta dace da yaronki sai an gwada.

Ki nufi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kalmar farko da za ta fito daga bakinki ita ce sanƙarau, da ranar da ya kwanta, ki riƙe takardar sallamarku da sunayen alluran da aka yi masa, don wasu kamar jentamaisin su ma suna taɓa ji. Ki nemi gwajin da ake kira ABR. Yaro yana barci ake yinsa, a liƙa masa 'yan wayoyi a goshi da bayan kunnuwa, kwamfuta ta nuna ko jijiya tana amsawa, ba zafi ko kaɗan. In aka ce rashin jin ya kai desibel 90 ko sama (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) a kunnuwa biyu, to a nan take ki tambayi maganar hoton CT da na MRI, su ne ke nuna ko ƙashi ya fara fitowa. Ta yiwu kuma a ce akwai sauran ji mai kyau, sai ki gode wa Allah a saita masa na'urar bayan kunne, amma a ci gaba da maimaita gwajin, don jin da sanƙarau ya taɓa yakan ƙara raguwa daga baya.

Game da dashen kansa, kashi biyu ne. Ɗaya likita ke binnewa ƙarƙashin fatar kai a bayan kunne, ɗaya a waje, maganaɗisu ke haɗa su. Kafin tiyata za a duba riga-kafinsa, kada ki yi wasa da wannan. Bayan an yi aikin sai ciwo ya warke, makonni kaɗan, sannan a kunna. Ki shirya zuciyarki, don ranar kunnawa ba kamar bidiyoyin Facebook ba ce. 'Yata fizge abin ta yi ta jefar, ta ƙanƙame zanina tana kuka. Sautin baƙo ne, sai ƙwaƙwalwa ta koya. A hankali ta fara juyowa in tabarya ta bugi turmi, sai kiran salla, sunanta ma daga baya ya zo. Aikin gaskiya a gida yake: ki yi ta yi masa magana kina girki, kina wanki, kina faɗa masa sunan komai, ga zuwa wurin mai koyar da magana, ga komawa asibiti a sake saiti. Yaronki yana da sa'a ɗaya babba, ya riga ya san magana kafin ciwon, kuma irin waɗannan yaran sun fi saurin kamawa in ba a bari kalmomin sun zube ba.

Kuɗi kam ba zan ɓoye miki ba, miliyoyin naira ne, a nan gida aka yi ko a Indiya ko Masar. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne na bayan aiki: batir, waya in ta tsinke, akwatin busar da na'ura saboda zufa da danshin damina, da canjin na'urar waje bayan wasu shekaru. Kafin ki amince da kowane kamfani, Cochlear ne ko MED-EL ko wani, ki tambaya wa zai riƙa yi muku saiti a Najeriya, kuma a ina ake samun kayan gyara. Na ga iyalin da aka tara musu kuɗin tiyata, waya ɗaya ta lalace, na'urar ta zauna a durowa wata da watanni, abin ya tsaya min a rai har yau.

Kafin a gama gwaje-gwaje, ki riƙa durƙusawa daidai fuskarsa in za ki yi magana, cikin haske, ki bar shi ya ga bakinki. Ku fara koyon maganar hannu ku duka gidan, ba ta hana yaro magana, kuma ko mai dashe in ya cire da dare ko wajen wanka ba ya jin komai. Ki gaya wa yayyensa su riƙe hannunsa a bakin titi, don babur in ya taho ta baya ba zai sani ba. In kin karɓo sakamakon ABR ɗin ki turo mana lambobin da ke jiki, akwai iyaye a nan da za su taya ki tsara tambayoyin da za ki yi wa likita.