Ciyawar feskiyu a gaban gida: za ta yi a Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama gini a Barnawa, akwai fili a gaban gidan da nake so ya zama kore shar. Ƙanina da ke Amurka ya aiko mini da irin ciyawa leda biyu, ɗaya an rubuta Tall Fescue, ɗayar kuma Creeping Red Fescue. Mene ne bambancinsu, kuma wacce zan shuka? Akwai babbar bishiyar mangwaro a gefe guda.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya alheri a sabon gida.

Ledojin nan biyu dangi ɗaya ne, amma halinsu ya sha bamban, kuma da zarar sun tsiro ido zai raba maka su. Ta farkon, doguwar feskiyu, ganyenta faɗi gare shi. Ka tsinko ɗaya ka duba: samansa akwai layuka a jere da za ka ji su da farce, bayansa na sheƙi, gefensa kuma da kaushi, in ka ja yatsa daga sama zuwa ƙasa sai ka ji yana karce ka. Tana fitowa ne kumbu-kumbu, kowane gindi a wurinsa, ba ta yaɗo. Shi ya sa in wani wuri ya mutu ba ya rufe kansa, sai an sake zuba iri. Saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, don haka duk cikin dangin ita ce mai jimirin zafi da taku.

Ta biyun ganyenta siriri ne kamar allura, a naɗe yake, da laushi a tafin ƙafa. Tana ɗan yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, tana son inuwa, ba ta cin taki da yawa. Sai dai ba ta jure wasan yara, kuma ƙasa mai riƙe ruwa na kashe ta.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Feskiyu ciyawar ƙasashen sanyi ce, asalinta Turai. Ta fi girma idan zafin iska na tsakanin digiri 15 zuwa 24. Mu kuwa a Kaduna, Maris da Afrilu rana na haura digiri 35 ba tare da wani ya yi mamaki ba. In ka shuka a Nuwamba, sanyin hunturu zai yaudare ka: za ta fito kyakkyawa, maƙwabta su riƙa leƙowa suna tambaya. Da bazara ta kama sai ta tsaya da girma, ta fara ja, ko da kana ba ta ruwa safe da yamma. Wadda ta tsira kuma damina na jiranta, domin ɗumi da laima irin na Yuli da Agusta su ne ke tayar da cutar naman gwari, wato dangin funfuna, da ke yi mata tabo-tabo masu launin ƙasa. Siririyar ce za ta riga mutuwa. Da a Jos kake, ko kan tsaunin Mambila, da na ce ka gwada da ƙarfin gwiwa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: yawancin irin doguwar feskiyu na ado yana ɗauke da wani naman gwari a cikin jikinsa, wanda ke kare ciyawar daga ƙwari amma yana cutar da dabbobi. Shahararren irin nan Kentucky 31, da aka fitar a Amurka a 1943, da wannan matsalar aka san shi, dabbar da ta yawaita cinsa takan rame ta kasa jure zafi. In kana ɗaure ragon layya ko akuya a gida, kada ka riƙa zuba musu abin da ka yanke.

Ni dai da gidana ne, inda rana ke duka, ciyawar ƙiri-ƙiri zan sa, wadda masu sayar da furanni a bakin titi ke kira Bahama. Ciyawar da manomi ke tsine wa a gona ce, kuma abin da ya sa yake tsine mata shi ne abin da kake nema: tana yaɗo sama da ƙasa, in an taka ta tashi, in rani ya busar da ita ruwan farko na dawo da ita. Aibinta ɗaya, ba ta son inuwa. Ƙarƙashin mangwaron nan sai ka sa kafet giras mai faɗin ganye, ita tana haƙuri da inuwa muddin ba ta rasa ruwa ba. Dukansu dashe ake yi, ƙarshen Mayu zuwa Yuni idan ruwa ya zauna, bayan ka kafce ƙasar, ka tsince ɓuraguzan siminti da magina suka bari, ka gauraya da ruɓaɓɓen taki.

Irin da ƙaninka ya aiko kuwa kada ka zubar. Ware ɗan wuri gefen mangwaron da ke samun ranar safe kawai, ka shuka doguwar a farkon Nuwamba, ka riƙa barin tsawonta kamar santimita 7 zuwa 9 in za ka yanke. Ka ɗauke ta a matsayin adon hunturu, in ta kai Afrilu da rai to riba ce.