Ku tambaya mu amsa: Daga ina halittun orc suka samo asali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da yayana mun kalli The Lord of the Rings muka yi ta musu, shi ya dage wai munanan halittun nan masu haƙora a waje da ake kira orc aljanun turawa ne, ni kuma na ga an zaƙulo wani daga cikin taɓo a fim ɗin, shi ne na ce daga ƙasa ake tono su. Don Allah wa ya fi gaskiya a cikinmu?
Daga wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Gaskiya dukkanku akwai gyara. Ba aljanu ba ne, don suna cin abinci suna jin yunwa, takobi na kashe su, kuma haihuwa suke yi kamar mutane. Wannan na taɓon da kika gani ƙarin gishirin masu fim ne, daraktan fim ɗin Peter Jackson ya saka shi a 2001, babu shi a littafin J.R.R. Tolkien da aka ɗauko fim ɗin daga ciki.

Sunan ma ya girmi littafin nesa ba kusa ba. A tsohuwar waƙar Ingilishi mai suna Beowulf akwai kalmar orcneas, an jera su cikin miyagun zuriyar Ƙabila wanda ya kashe ɗan'uwansa Habila. To shi Tolkien malamin tsohon Ingilishi ne a jami'ar Oxford, waƙar nan a bakinsa take, sai ya ari kalmar saboda sautinta ya dace da abin da yake nufi. A littafinsa The Hobbit na 1937 ma goblin ya fi kiran su, sai a The Lord of the Rings na 1954 da 1955 sunan orc ya zauna daram. Koriyar fatar da kike gani a wasannin kwamfuta irin su Warcraft kuwa daga baya ta zo.

Inda lamarin ya fi taɓa ni shi ne asalinsu a cikin labarin. A The Silmarillion wanda ɗansa Christopher ya fitar a 1977, an ce Morgoth, uban ɓarna kuma ubangidan Sauron, babban mugun The Lord of the Rings, ya kama wasu daga jinsin Elf, kyawawan nan da tsufa ba ya kashe su, ya kulle su ya yi ta gana musu azaba har suka lalace suka zama orc, ba sa son hasken rana kuma shi kansa da suke wa bauta tsanarsa suke yi a zuci. Tolkien ɗan Katolika ne mai riƙon addini, a wajensa mugu ba ya iya halitta, iyakarsa ya ɓata abin da aka halitta mai kyau.

Amma fa nan ya shiga tsaka mai wuya. In asalinsu nagari ne, suna magana suna da hankali, to ƙofar tuba a buɗe take gare su kenan, ta yaya jaruman labari za su dinga karkashe su ba tausayi? Wallahi tambayar nan ta hana shi sakat, a rubuce-rubucensa na ƙarshe ya gwada cewa daga mutane aka ɓato su, ya gwada cewa dabbobi ne aka koya wa magana, har ya rasu a 1973 bai tsaya a kan magana ɗaya ba. Ni kam wannan damuwar tasa ta ƙara masa daraja a idona, mutum ne da ya ga gumurzun Somme na Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1916, ya san sojan abokan gaba ma ɗan wani ne.

In kin samu The Two Towers, littafi na biyu na The Lord of the Rings, ki duba babin ƙarshe, inda Sam, ɗaya daga cikin jaruman labarin, ya laɓe yana jin wasu orc biyu, Shagrat da Gorbag, suna ƙorafin manyansu suna fatan in yaƙi ya ƙare su sulale wani wuri da ba mai ba su umarni. Ki karanta wa yayanki wurin nan ki ji me zai ce.